Daga gemun auduga zuwa ayabar da aka manna a bango: me wasa yake yi a cikin fasaha?

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, bayan sallar isha'i, muna zaune wurin mai shayi a unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru, sai wani ɗan kilando, wato mai ɗaukar fasinja a babur, ya miƙo wayarsa ya ce mu zo mu ga ikon Allah. Hoton ayaba ce guda ɗaya, an manna ta a farin bango da salatif mai ruwan toka. A ƙasan hoton an rubuta cewa an yi gwanjonta a gidan Sotheby's da ke New York a kan dalar Amurka miliyan 6.2. Muka buga lissafi, kuɗin ya haura sefa biliyan 3 da rabi. Wani dattijo baduku da ke zama tare da mu, wanda duk muke kira Baba, ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Da ya mayar sai ya ce, "Yaro, wanda ya manna ta lafiyarsa ƙalau. Wanda ya saya shi ne za a nema wa magani."

Aka yi dariya aka watse, amma maganar Baba ta kwana a raina, domin ta raba abu biyu da mutane da yawa suke cakuɗawa: mai yin wasa daban, abin da duniya ta yi da wasan daban. Wanda ya manna ayabar ɗan Italiya ne, Maurizio Cattelan, kuma sunan da ya raɗa wa aikin ma'anarsa "ɗan barkwanci". Ya fara nuna shi a wani baje kolin zane a Miami a watan Disamba na 2019, aka sayar a kan dala 120,000. Mai saye kuwa takardar shaida ake ba shi, da bayanin yadda zai riƙa sauya ayabar idan ta ruɓe. Wanda ya saya a 2024, Justin Sun, mai harkar kuɗin intanet, ya tara 'yan jarida a Hong Kong ya ɓare ta ya cinye a gabansu.

Tambayar da ta dame ni ita ce: daga ina wannan ɗabi'a ta fito, ta mai fasaha ya ɗauki gwanintarsa ya zuba ta cikin shirme da gangan? Mutane da yawa a nan sun ɗauka cutar Turawan zamani ce, ta ƙoshi da rashin abin yi. Ni a ganina abin ya girmi Turai nesa ba kusa ba, kuma mu Hausawa muna da mabuɗin fahimtarsa a cikin gidanmu tun kafin mu ji sunan gidan gwanjo.

Mu fara da tashe. Duk wanda ya tashi a unguwar Hausawa, a Garwa ne ko Marwa ko Ngaundare ko Injamena, ya san cewa da azumi ya kai kwana 10 dare yakan zama na yara. Ni ma na liƙa gemun auduga, na cusa tsumma a riga ya zama tumbi, na ɗauki sanda ina tafiyar tsofaffi a ƙofar gidan mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi da rana. Yaro ya kwaikwayi mai maganin da ke cika baki a kasuwa, yarinya ta kwaikwayi miji da mata suna rigimar cefane, a Kano kuma Nalako ya fito farautar gwagware. Abin lura shi ne mutumin da ake kwaikwayo yakan fito da kansa ya ba da sadaka. Haka wasan gauta yake a fadojin ƙasar Hausa: matan gidan sarki su sa rawani da alkyabba, su kwaikwayi sarki da hakimansa, da yadda wane yake fadanci, da yadda wane yake yanke hukunci, sarki yana zaune yana kallon kansa. Ga kuma wasan taubasai, da kuɗin shara a watan cika-ciki, da wasan jika da kaka, da na Fulani da Barebari wanda har yau za ka ji ana yinsa da ƙarfi a kasuwar Marwa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su.

Idan ka tattara waɗannan za ka ga sharaɗi uku suna maimaita kansu. Akwai lokaci: tashe yana da watansa, ranar salla an tuɓe gemu. Akwai dangantaka: taubashinka ne kaɗai zai gaya maka abin da ya gaya maka ka yi dariya, wani ya faɗa sai a gaban alƙali. Sannan akwai alkibla: yaro ne yake kwaikwayon babba, kuyanga take kwaikwayon sarki, zolayar tana hawa sama. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya wallafa littafi a 1938 yana cewa wasa yana da filinsa da lokacinsa da dokokinsa, kuma al'adun ɗan Adam daga cikinsa suka tsiro. Da na karanta bayanin sai na ga tashe yake siffantawa ba tare da ya taɓa ganinsa ba. Da waɗannan sharuɗɗa uku nake auna duk abin da zai biyo baya.

Mafi tsufan misalin da ya fi taɓa ni daga Masar yake. A yammacin kogin Nilu, daura da Luksor ta yau, akwai kufan wani ƙauye da ake kira Deir el-Medina. Nan ne magina da masu sassaƙa da masu zane suke zaune da iyalansu, waɗanda aikinsu shi ne haƙa kaburburan Fir'aunoni da ƙawata su, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Aikinsu na rana mai tsananin ƙa'ida ne. An san yadda ake zana sarki, an san girmansa a kan na kowa, an san inda ƙafarsa za ta fuskanta, ba a ƙari ba a ragi. To amma masu tono sun tarar da dubban tsingaro da ɓallin farin dutse a wurin, waɗanda mutanen nan suke rubutu da zane a kansu don kansu. A cikinsu akwai zanen ɓera zaune a kujera kamar uwargida, kyanwa na tsaye tana yi mata fifita tana miƙa mata abinci. Akwai kyanwa riƙe da sanda tana kiwon agwagi. A wata doguwar takarda ta wannan zamani, wadda take gidan tarihi na Birtaniya a Landan, zaki ne da barewa suke zaune suna buga wani wasa mai kama da dara.

Ka dubi wanda ya yi wannan zane. Hannun da ya wuni yana zana Fir'auna kamar ba zai mutu ba, shi ne da yamma ya ɗauki tsingaro ya ɗora ɓera a karaga. Kuma mutanen ƙauyen nan su ne suka yi yajin aiki na farko da aka samu labarinsa a rubuce: a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, da hatsin albashinsu ya yi jinkiri, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikalin sarakuna suna cewa yunwa suke ji. Ina ganin zanen da yajin aikin daga zuciya ɗaya suka fito. Mutumin da ya iya hango duniyar da kyanwa take bauta wa ɓera ya riga ya gane cewa tsarin da yake ciki mutane ne suka shirya shi, kuma abin da aka shirya ana iya sāke shi. Mu ma haka muke da Gizo, ƙaramin halitta mai wayo da ke sa zaki da giwa jan igiya kowa yana zaton da Gizo yake ja.

Wannan juya duniya a kife ya bazu ko'ina. A wani wurin bauta kusa da Kyoto a Japan akwai naɗaɗɗun takardu na ƙarni na 12 da na 13 da aka zana kwaɗi da zomaye suna kokawa, biri kuma ya sa rigar malaman addininsu yana jan ibada. A Turai, wajen shekarar 1300, masu kwafar littattafan addu'a da na shari'a sukan cika gefen shafi da barde cikin sulke yana yaƙi da katantanwa, ko zomaye sun kama mafarauci sun ɗaure. Tsakiyar shafi na hukuma ne, gefe na mai alƙalami.

Amma wanda ya fi kusa da mu yana cikin zaurukanmu. Duk almajirin da ya yi nisa a karatun lugga ya san Muƙamar Hariri, wadda Al-Hariri mutumin Basra ya rubuta, wanda ya rasu a 1122. Malamanmu suna karantar da ita don zurfin Larabcinta, da girmamawa, a tsakanin littattafan fiƙihu da nahawu. Alhali gwarzon muƙamomin nan 50, Abu Zaid, tsohon ɗan damfara ne mai zaƙin baki. A muƙama ta farko yana wa'azi a San'a har mutane suna hawaye suna ba shi kyauta, mai ba da labari ya bi shi a ɓoye har cikin kogo, ya same shi gaban gurasa da gasasshen ɗan akuya da tulun giya. A 1237 wani mai zane na Iraƙi, Yahya al-Wasiti, ya kwafe littafin ya ƙawata shi da zane kusan 100: alƙalai, 'yan kasuwa, ayarin raƙuma, masallatai, da tsohon nan yana sauya kama daga shafi zuwa shafi. Kwafin yana ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris. Malaman da suka riƙe littafin nan shekaru aru-aru sun san abin da suke yi. Sun san ɗalibin da ya yi dariyar Abu Zaid ya sami rigakafin mai wa'azin ƙarya. Aikin da 'yan kama suke yi ke nan a dandali, lokacin da suke ɗaukar muryar malami ko ta babban mawaƙi su mayar da zancen gaba ɗaya na tuwo da miya da fura. Ba addini suke wa ba'a ba. Cikin mutum suke tonawa, wanda yakan ɓuya a bayan babbar riga.

Akwai wani zane da nake fatan wata rana wani yaronmu zai yi irinsa. A 1559 Pieter Bruegel, wanda ya yi aiki a ƙasar da take Beljiyam a yau, ya zana wani ƙauye da ya cusa karin maganar mutanensa fiye da 100 a ciki, kowace an yi ta a zahiri. Ga wani yana buga kansa da bango. Ga wani yana cike rijiya bayan maraƙi ya riga ya faɗa ya mutu, wato ihu bayan hari. Ga mutum biyu, ɗaya yana askin tunkiya, ɗaya yana askin alade. A jikin wani gida an rataye ƙwallon duniya a kife. Zanen yana Balin. Shekara ɗaya bayan haka ya zana yara sama da 200 suna wasanni kusan 80 a dandalin gari. Ka yi tunanin bangon wata makaranta a Garwa an zana matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo, ga wanda ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, ga kare ana gaya masa ana biki a gidansu. Karin magana da ma shirme ce mai hankali. Muna faɗinta kullum har mun daina jin abin mamakin da ke cikinta, sai an zana ta ido ya gani sannan take dawowa sabuwa.

Inda wasa ya fara zama da haɗari shi ne inda injin ɗab'i ya fitar da shi daga gefen shafi ya kai shi titi. A Faransa, a watan Nuwamba na 1831, aka gurfanar da Charles Philipon gaban kotu saboda zolayar Sarki Louis-Philippe. A cikin kotun ya ɗauki takarda ya zana fuskar sarkin sau huɗu, tana rikiɗa kaɗan-kaɗan har ta koma wani ɗan itacen Turai mai siririn wuya da faɗin gindi kamar gora. Hujjarsa ita ce, idan kama da sarki laifi ne, to sai a kama ɗan itacen ma. An ɗaure shi duk da haka, amma ɗan itacen ya bazu a bangayen Paris. Wani mai zane da ke aiki a jaridarsa, Honoré Daumier, ya zana sarkin a matsayin ƙaton mai tumbi, an jingina katako zuwa bakinsa, ana kwasar kuɗin talakawa ana ɗura masa, ta ƙarƙashin kujerarsa kuma takardun muƙamai suna zubowa fadawa suna wawa. Ya sha ɗaurin wata 6 a 1832. A 1835 aka kafa dokar da ta ce ba a buga zane sai hukuma ta gani ta yarda. Na fahimci tsoronsu. Rubutu sai wanda ya yi makaranta, zane kuwa har mai tallan goro ya karanta. A ƙasarmu ma mun ga haka a shekarun 1990, lokacin da zanen Nyemb Popoli da jaridar barkwanci ta Duwala suke yawo hannu zuwa hannu, da lokacin da ɗan wasan barkwanci Jean-Miché Kankan yake sa mutane dariyar abin da suke tsoron faɗa a fili. Sarkin da ke zama ya kalli wasan gauta ya fi waɗannan masu mulki dabara, domin shi yana jin laifinsa a cikin gida kafin ya ji shi a kasuwa.

Duk abin da na kawo zuwa nan yana da ma'anar da za a iya warwarewa. Ɓera talaka ne, kyanwa mai mulki ce. To ina batun shirme tsantsa, wanda ba shi da kai ba shi da gindi? Wannan yana da ranar haihuwa, kuma ranar ta haɗu da tarihinmu. A ranar 18 ga Fabrairu na 1916 kwamandan Jamus von Raben ya miƙa wuya a kan dutsen Mora da ke arewacin Kamaru, bayan an tsare shi da sojojinsa shekara ɗaya da rabi, yawancinsu 'yan Afirka da ke mutuwa a rigimar da ba tasu ba. Garwa ta riga ta faɗi tun watan Yuni na 1915. Kwana 3 bayan Mora aka fara yaƙin Verdun a Faransa, wanda ya ci rayuka wajen 300,000 kafin shekarar ta ƙare. A cikin wannan watan dai, ranar 5 ga Fabrairu, wasu matasa da suka guje wa yaƙin suka buɗe wani ɗan gidan wasa a Zurik ta ƙasar Siwizalan, Hugo Ball da Emmy Hennings da Tristan Tzara da abokansu. Suka kira tafiyarsu Dada. Ball yakan sa riga da hula na kwali ya hau dandamali ya rera baitoci da kalmomin da babu su a kowane harshe. Wani lokaci mutum uku su karanta waƙa a lokaci guda cikin harsuna uku, ba mai jin wani.

Dalilinsu mai nauyi ne. Masu digiri da masu lissafi da masu iya jawabi su ne suka tsara yaƙin, suka ƙera iskar guba, suka rubuta wa matasa kyawawan kalmomin da za su mutu a kansu. Idan wannan shi ne hankali, in ji su, to gara shirme. Na yarda da zafin zuciyarsu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda suka ɗauki ganga da abin da suke kira waƙoƙin baƙar fata suka sa cikin shirmen, kamar harsunanmu surutu ne kawai marar ma'ana. Sun tsere wa girman kan Turai ta ƙofa ɗaya, ya biyo su ta wata.

Daga wannan tsatso Marcel Duchamp ya fito. A 1917 ya sayi kaskon fitsari na tangaran, irin wanda ake kafawa a makewayin maza, ya kwantar da shi, ya sa hannu da sunan ƙarya, ya aika wa wani baje kolin zane a New York wanda masu shi suka yi alkawarin karɓar aikin duk wanda ya biya kuɗin shiga. Suka ƙi nuna shi. Da ma abin da yake son ya gwada ke nan: wa yake da ikon cewa wannan fasaha ce, wancan tarkace? A 1929 René Magritte ɗan Beljiyam ya zana lofen shan taba tsaf, ya rubuta a ƙarƙashi cewa wannan ba lofe ba ne. Kuma gaskiyarsa, hoton lofe ne, ba ka iya zuba masa taba. Wasa ne irin na kacici-kacici, amma a wannan zamani da ake turo mana hoto a WhatsApp mu rantse a kansa, darasin ya fi amfani fiye da lokacin da aka zana shi. Masu mulkin kama-karya sun gane haɗarin irin wannan fasaha sarai. A 1937 'yan Nazi masu mulkin Jamus suka tara ayyuka kusan 650 a Munik, har da na 'yan Dada, suka baje su don jama'a su zo su yi musu dariyar raini, suka kori masu su daga aiki.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗi na uku, alkibla, domin dariya takan gangara ƙasa kuma idan ta gangara takan yi ɓarna. Tun 1915 kamfanin Banania na Faransa ya sa hoton sojan Afirka mai jar dara yana washe baki yana gurɓataccen Faransanci a jikin gwangwaninsa. Yaran Faransa sun tashi suna karin kumallo da wannan fuska, suna koyon cewa baƙin mutum babban yaro ne mai dariya, a daidai lokacin da irin waɗannan sojoji suke mutuwa a ramukan yaƙi saboda Faransa. Jaridun Nazi sun yi shekaru suna zana Yahudawa da siffar dodanni kafin a fara kwasarsu. Jaridar Kangura ta Ruwanda ta yi wa Tutsi haka kafin 1994. Duk da sunan barkwanci aka yi.

Martanin da ya fi ba ni mamaki daga ƙasar Nijar ya fito. Wajen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana a cikin masu bori, aka kira su Hauka. Iskokin nan Turawan mulki ne: akwai Gwamna, akwai Kumandan Mugu, akwai kofur, akwai likita. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam, ya yi fareti, ya sara, ya riƙa ba da umarni da tsawa. Su masu abin ba wasa suka ɗauke shi ba, kuma mai kallo tsoro da dariya suke haɗe masa. Hukumar Faransa ta kama su ta ɗaure, domin ta ga kanta a madubi. Da Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a Ankara ta Gana ya fitar a 1955, hukumar Ingila ta hana nuna shi a can. Mai mulki ya zana mu a gwangwani yana dariya, talakan Filinge ya sa jikinsa gaba ɗaya ya zana mai mulki.

Addininmu ya riga ya shata wannan iyaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha amma ba ya faɗin sai gaskiya. Wani ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa, ya amsa masa cewa ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat kuma ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Shi ya sa zanen da jaridar Charlie Hebdo ta yi wa Manzon Allah bai taɓa zama wasa a wurina ba. Babu dangantaka, babu yardar wanda abin ya shafa, kuma waɗanda ya fi ƙona wa rai marasa ƙarfi ne a ƙasar da aka buga shi. Haka kuma kisan mutum 12 a harin da aka kai wa jaridar a Paris a watan Janairu na 2015, da mutum 10 da suka mutu a zanga-zangar adawa da zanen a Damagaram da Yamai, da coci-cocin maƙwabta da aka ƙona, zalunci ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya faɗa kansu ba su zana komai ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma a wannan lamari makafin ta ɓangare biyu suka zo.

A cikin masu fasahar zamaninmu, wanda nake ganin ya riƙe sharuɗɗan nan da kyau ɗan ƙasarmu ne. An haifi Samuel Fosso a Kumba a 1962, yaƙin Biyafara ya rutsa da shi a Najeriya yana yaro, ya koma Bangi ta Afirka ta Tsakiya, ya buɗe shagon hoto a 1975 yana da shekara 13. Da dare, idan fim ya rage, sai ya sauya kaya ya ɗauki kansa. A 1997 ya yi hoton da ya zauna a kujera cikin fatar damisa da sarƙoƙin zinariya da farin tabarau, riƙe da furanni, ya kira shi sarkin da ya sayar wa 'yan mulkin mallaka Afirka. Tashe ne sak. Yaro ya sa kayan manya, ya yi amfani da jikinsa, ya ɗora zolayar a kan wanda ya cancanta.

To ina ayaba ta tsaya a wannan ma'auni? Ina ganin Cattelan jikan Duchamp ne, kuma a 2019 zolayarsa tana da haƙori: yana gaya wa masu kuɗi cewa za su sayi komai muddin an ce musu yana da tsada. Matsalar ita ce sun ji, sun yi tafi, sun ƙara farashi sau 50. Kasuwa ta koyi hadiye duk wanda ya zage ta, ta mayar da zagin haja. Tashen da ba ya ƙarewa ranar salla ya zama sana'a. Jaridun Amurka kuma sun gano cewa ayabar da aka manna a daren gwanjon an saye ta ne wurin wani dattijo ɗan Bangaladash mai tebur a bakin titi kusa da gidan gwanjon, a kan kuɗin da bai wuce sefa 250 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ɓangare na labarin ya fi ayabar kanta nuna yadda duniya take, kuma ba mai fasahar ne ya tsara shi ba.

Abin da ya fi damuna yana nan gida. 'Yan uwana a Marwa sun ce tun bayan hare-haren bam na watan Yuli na 2015 iyaye da yawa suka daina barin yara yawon dare, kuma ba wanda zai ga laifinsu. A Garwa ma tashe ya ja baya. Wasu sun ce bara ce, wasu sun ce ɓata lokacin ibada ne, waya kuma ta kwashe sauran. Barkwancin ya koma TikTok, inda akwai masu basira ƙwarai, amma babu wata, babu taubashi, kuma sau da yawa gurgu da mai in'ina da ƙauyawa ake yi wa dariya saboda su ne ba za su rama ba. Ga shi ba mu ajiye komai ba. Masar ta bar tsingaro, Bagadaza ta bar takarda, namu a jikin yara yake da bakin tsofaffi, idan suka wuce ya wuce.

A azumin da ya gabata, daren 15, muna zaune wurin mai shayin nan sai ga yara biyar sun ja igiya sun tare bakin lungu. Ɗaya ya sa hular kwali, ya rataya bindigar kara, da usur a bakinsa. Ɗaya yana riƙe da tocila yana haska fuskar duk mai wucewa yana neman takardu, na uku yana rubutu a tafin hannunsa da tsinke. Ba mu yi irin wannan tashe ba a zamaninmu, su suka ƙirƙiro shi daga abin da suke gani a hanyar Marwa. Ɗan kilandon nan ya zo wucewa suka tsayar da shi, ya kashe babur ya sauko yana roƙon afuwa. Baba ya tashi da kansa ya je gaban igiyar, ya cire hularsa, ya ce wa mai usur, "Ranka ya daɗe, takarduna suna gida." Yaron ya dube shi sama da ƙasa ya ce to sai dai a san yadda za a yi. Baba ya laluba aljihu ya ba shi sefa 100, aka sauke masa igiya ya wuce.